'Yar bindigar kawu mai harsashi guda

Ni dai ban taɓa sa ma raina zan riƙe bindiga ba, abin ya zo ne ta hannun kawuna, ƙanen innarmu, tsohon mushen lakol ne, wato malamin makaranta, da ya aje aiki ya koma noma a wajen Tawa. Da idonshi ya fara rauni sai ya kira ni wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ya jawo wani abu naɗe cikin tsohon zane daga ƙarƙashin gado ya ce min, kai ɗana, wagga ta fi ƙarfin idona yanzu, in kana so ka yi mata takarda da sunanka, in ba ka so gobe in kai ma jandarmomi abinsu in huta. Na warware zanen, ashe 'yar karabin ce siririya, kalibur 22, kotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu na shekaru, a jikin ƙarfen an buga Saint-Étienne, garin nan na Faransa da ya yi suna wajen ƙera bindigogi, kawu ya ce har kekuna suna yi can. Harsashi ɗaya tak take ci. Ka ja sakata baya, ka sa harsashin da yatsa, ka tura ka kulle, ka harba, ka sake ja kwanson ya faɗo, shi ke nan, babu wani gidan harsasai.

Maganar takarda ba zan ja ta ba don ta gajiyar da ni tun a lokacin. Izinin riƙe bindiga daga ma'aikatar cikin gida yake hitowa, can Yamai, izinin farauta kuma daban, wannan na ma'aikatan gandun daji ne, akwai doka kanshi tun 1998. Na yi watanni ina jira, kawu kuma ya ƙi ko bari in taɓa ta kafin nan, haushi ya cika ni amma yanzu na ga gaskiyarshi, a jihar da aka sa dokar ta-ɓaci wajen Tiliya da Tasara, wa zai tsaya sauraren labarin kawunka in an tare ka a shinge da ƙarfe cikin buhu?

Ranar farko muka hau moto muka tahi bayan gonarshi inda akwai wani ƙwari mai gaɓar yashi da ta fi tsayin mutum. Ya aje gwangwanin tumatir a gindin gaɓar, ya ƙirga taku 25, ya miƙo min harsashi guda. Da na ga harsashin sai da na yi dariya, ɗan mitsitsi bai kai tsawon gaɓa biyu na ƙaramin yatsana ba, kaurin dalmar milimita 5 da rabi da ɗan ɗoriya, nauyinta bai kai giram 3 ba. Na saba ganin na kalibur 12 da maharban garinmu ke ɗauka, jan nan mai kauri kamar batir. Na ce kawu wanga ai ko kurciya sai ta yi mishi gardama. Bai tanka min ba.

Na harba, ƙara kaɗan kamar an karya busasshen kara, ba ta ko doki kafaɗata ba, gwangwani na zaune abinshi. Na miƙa hannu a ba ni na biyu ya ce a'a, zauna tukuna ka faɗa min ina ya tahi. Na ce ban sani ba. Ya ce to mi za ka gyara a na biyun? Wallahi haka muka wuni, harsashi 10 kacal na harba daga hantsi har azahar, kowane sai an yi mishi shari'a, kuma sai a na bakwai na taɓa gwangwanin, shi ma a gefe. Laifina ashe fizgar kunama nike yi kamar mai tsinke igiya, bakin bindigar ya karkace dama tun harsashin bai hita ba, ga shi ina riƙe numfashi har ƙirjina ya fara rawa. Ya ce saki rabin numfashin ka tsaya, ka zuba ido kan ɗan tsinin saitin da ke bakin bindiga, ka bar gwangwani ya yi dishi-dishi, sannan ka matsa kunamar sannu sannu kamar kana tatsar akuyar da nononta ke ciwo, har ta tashi ba ka san lokacin ba. Wannan misalin tatsar akuya ya shige ni fiye da duk bidiyon da na kalla a YouTube daga baya.

Wata uku ina zuwa ƙwarin nan duk Lahadi. Kwali ɗaya harsashi 50 ne, kuma samunshi a Tawa sai da wahala da nuna takarda, to dole ka yi tattali, sau da yawa ma zaman saiti kawai nike yi. Na gano in na daidaita ta a mita 50, a mita 100 harsashin na faɗuwa ƙasa fiye da santimita 10, in kuma iskar hunturu ta taso daga gabas sai ta ture shi gefe kamar ba dalma ba. Tsohon harsashi wani lokaci ƙas kawai za ka ji bai tashi ba, don irin wanga abin kunna albarushin a bakin gindin kwanson yake zagaye, ba a tsakiya ba, in wurin da allurar ta doka babu komi shi ke nan. Kawu ya hana ni buɗewa nan take, sai na bar bakinta na kallon yashi na ƙirga 30 tukuna.

Sai ranar da raini ya ja min. Na fara jin kaina, ina buga murfin kwalba a taku 30, sai wata safiya bayan an cire gero na hangi zabin daji a kan wani fako, kun san ƙasar Adar, dutse ne ko'ina baƙi ƙirin. Na durƙusa na auna na gaba, na kuskure, sai na ji wani kuka fiiiuuu ya tashi sama ya yi hagu, dalmar ta doki dutse ta canza hanya. Can bayan wata ƙaya sai ihun yaro. Gwiwoyina suka mutu, na aje bindigar na ruga ko takalmi ɗaya na bari a hanya, ina ta salati, na iske ɗan kiwo bai wuce shekara 10 ba tsaye da sandarshi yana kuka, shi lafiya lau, tunkiyarsu ce kwance jini na zuba a cinya, tsakaninta da yaron bai fi taku 4 ba. Ni ban ma san akwai kowa a wajen ba, ban duba ba, zabi kawai nike gani.

Muka kora tumakin har gida, na faɗa ma uban yaron gaskiya, dattijo ne, ya dube ni ya daɗe sannan ya ce Allah ya tsare, amma malam da ɗan ne fa? Aka yanka tunkiyar na biya kuɗinta ba ciniki. Da na je wajen kawu da dare bai yi min faɗa ba, kwalin harsashin ya ce in ɗauko in karanta mishi ɗan rubutun da ke gefe tunda shi ba ya gani, an rubuta cewa yana da haɗari har nisan da ya wuce kilomita ɗaya da rabi. Watanni kwalin na aljihuna ban taɓa karantawa ba. Ya karɓe bindigar ya mayar ƙarƙashin gado, sai bayan babbar salla ya maido min.

Tun daga nan ban sake harbi ba sai in akwai gaɓar yashi ko tudun ƙasa mai laushi a baya, dutse da ruwan tabki kuwa ko kusa, don ruwa ma na tunkuɗa harsashi ya yi tsalle. Zabi da yawa sun wuce ni ina kallo harsashi na cikin aljihu, abokaina masu kalibur 12 suna min tsiya wai na zama mai gadin zabi.

A gida tana cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo, sakatar na cire ta na aje wani wuri, harsasai wani wuri, saboda yara. Bayan damanar bara na ɗauko ta zan shafa mai, na ɗaga ta ga haske na leƙa ta baya kamar yadda kawu ya saba min, duhu ƙirin, ashe zanzaro ya samu kafa ya shiga ya gina ɗakinshi na laka cikin bututun, har da 'yan tsutsotsi a ciki. Na kwashe kusan awa da sandar gogewa da tsumma ina hitar da ƙasa. Yanzu ɗan ƙyalle nike ɗaure mata a baki da roba, na ba kawu labari ya yi ta dariya har da tari, ya ce shi ma a zamaninshi sau biyu zanzaro na yi mishi haya ba ya biya.