Shekara ɗaya babu Inna

Wallahi yau da safe ƙamshin miyar kuka ya shigo min daga gidan maƙwabta, kawai sai ga hawaye, Inna ce ta faɗo min a rai. Yau shekararta ɗaya cif da rasuwa, Allah ya jiƙanta da rahama.

Ita fa ba ta san shekarunta ba, in ka tambaya sai ta ce ai da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira tana goyon Kawu, 1973 kenan, mu muka lissafa mata. Da Malam ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki a nan cikin birnin Zariya shekara 4 ita ke juya shi, ta ɗumama ruwa ta yi masa alwala ta ba shi kunu da ludayi a baki, ko sau ɗaya ban ji ta ce wash ba. Da kuɗin ƙosai da adashi ta yi wa 'ya'yanta mata biyar kayan ɗaki.

Ni kuwa mijinta take ce min, ina shiga zaure za ta fara, ga mijin da ba ya cefane ya iso, alhali ta riga ta ɓoye min ƙanzo a ƙarƙashin gado.

Da aka zo rabon kayanta aka samu naira 500 ƙulle a bakin zaninta, Goggo ta ce ungo, kuɗin motarka ne ta ajiye. Har yanzu tana cikin walat ɗina, na kasa kashewa.