Marubutan da suka tafi Ruwanda sauraro

A 1998, shekara huɗu bayan kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a Ruwanda, ɗan jaridar Chadi Nocky Djedanoum ya tara marubutan Afirka wajen goma, suka je suka yi wata biyu a ƙasar. Cikinsu akwai Boubacar Boris Diop na Senegal, da Véronique Tadjo ta Kwaddibuwa, da Koulsy Lamko na Chadi.

Aikinsu na farko shi ne kasa kunne. Sun zauna da zawarawa da marayu, sun shiga gidajen yari sun ji ta bakin waɗanda ake tuhuma. Sun je makarantar koyon sana'a ta Murambi, inda gawawwakin da aka barbaɗa wa farar ƙasa suke jere a azuzuwa. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun roƙe su kada su mayar da abin ƙagaggen labari, don gudun gobe wani ya ce ai duk ƙirƙira ce. Wannan tsoro yana da tushe, kuma marubucin da bai ji nauyinsa ba gara ya ajiye alƙalami.

Diop dai labarin ya rubuta, amma ya rarraba muryoyi. A littafinsa Murambi, na 2000, wanda aka farauta yana magana da bakinsa, mai riƙe da adda ma haka. Jarumin ya dawo daga gudun hijira ya tarar mahaifinsa ne ya shirya kisan da aka yi a makarantar Murambi. A ganina nan ne amfanin yake: rediyon RTLM, wanda ya riƙa ingiza kisan, ya kira mutane kyankyasai, littafin ya mayar wa kowa da suna da dangi, har da mai laifin, ba tare da ya wanke shi ba. Ba a yin sulhu da dodo, da maƙwabcin da ya amsa laifinsa ake yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Da Faransanci aka rubuta littattafan, alhali Kinyarwanda ne harshen kusan kowa a ƙasar. Tsohuwar da ta ba da labarinta tana hawaye ba za ta iya karanta shi ba. Lamko ya rage wannan giɓi da wasan kwaikwayo a garin Butare na Ruwanda, wanda ba ya bukatar mai kallo ya iya karatu. Shi kuwa Diop, a 2003 ya fitar da littafi da harshensa na Wolof.