Daga Duwatsun Shere Zuwa Bakin Kogin Kalaba

Sana'ata ita ce jagorantar iyalai yawon ƙafa, kuma ofishina ɗaki ɗaya ne a cikin garin Jos, inda nake aiki tare da matasa uku da wani direba da muke ɗaukarsa da motarsa duk lokacin da tafiya ta kama. Mafi yawan masu zuwa wurinmu magidanta ne da ke son fita da matansu da 'ya'yansu ranar Asabar, sai kuma makarantun boko da na Islamiyya da ke kawo ɗalibai a ƙarshen zango. Abin da mutum yake biya a wurinmu shi ne sanin hanya: inda za a bi, inda za a zauna a huta, inda ake samun ruwan alwala, da lokacin da ya kamata a juyo tun ƙaramin yaro bai fara kuka ba.

Jos gari ne da Allah ya yi shi domin tattaki, saboda yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarsa kuma ba ta gajiyar da mai tafiya. Ƙololuwar duwatsun Shere ta haura mita 1,800, amma ba na kai iyali can sama. Samari da 'yan makaranta manya ne nake hawa da su, masu ƙananan yara kuwa a gindin duwatsun muke zagayawa. Ga wanda ya zo da goyo ko da tsohuwa, na fi son gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972, ko kuma harabar gidan tarihi da aka buɗe a 1952, domin akwai inuwa da wurin zama. Doka ɗaya ce ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, ita ce ta kududdufan kuza. Ramukan da masu haƙar kuza suka bari sun cika da ruwa, samansu kwance lumui kamar ba komai, alhali bakinsu gangare ne mai zurfi, don haka kowane yaro yana hannun babba har sai mun wuce.

Zancen Kalaba wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya kawo mini shi. Yana da 'yan uwa a Bogobiri, unguwar Hausawa da ke cikin birnin, kuma yana so ya kai iyalinsa su ga babban ruwa, su kuma taka ƙasa kamar yadda muke yi a Filato. Na ce masa ya ba ni lokaci, domin ba na sayar da hanyar da ban taka da ƙafata sau biyu ba, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya kuma a daidai lokacin da zan bi ta da mutane. Na kama hanya ni kaɗai ta Akwanga da Lafiya da Makurɗi, na ratsa Gboko da Ogoja da Ikom da Ugep, na yi kwana goma a can ina yawo da littafi da agogo.

Darasin farko da garin ya koya mini shi ne cewa ma'aunin Jos ba ya aiki a can. Kalaba tana zaune tsakanin koguna biyu, kogin Kalaba da babban kogin Kwa, kuma teku ba ta da nisa, saboda haka iskar garin a jiƙe take. Zufa tana fita amma ba ta bushewa, jiki kuma ba ya samun sanyin da ya saba samu. Tazarar da yaro ɗan shekara bakwai zai ci a Jos yana tsalle, a can sai ya galabaita tun bai kai rabinta ba. Wannan ya sa na rage kowace hanya zuwa abin da ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba, na ninka ruwan sha, na kuma mayar da fita zuwa bayan sallar Asuba da karin kumallo, yadda za mu kasance a inuwa kafin rana ta take.

Hanyar da na fi alfahari da ita tana farawa ne daga tsohon gidan razdan da ke kan tudu, wanda yanzu ya zama gidan tarihi na ƙasa. Gini ne na katako da aka ƙera a Birtaniya aka kawo shi gunduwa-gunduwa ta jirgin ruwa a 1884, daga nan ne kuma Turawa suka riƙa tafiyar da mulkin yankin kafin a mayar da hedikwatar Kudancin Nijeriya Legas a 1906. Daga harabarsa ana hango kogi shimfiɗe da kwale-kwalen masunta, daga nan kuma sai mu gangara sannu a hankali zuwa wurin shaƙatawa na Marina da ke bakin ruwa. Na zaɓi gangara da gangan, mota kuwa tana jiranmu a ƙasa, domin hawan wannan tudu da hantsi ba aikin mai goyo ba ne.

A bakin ruwan nan ne nake yi wa yara wani abu da ba ya taɓa gundurata. Da isarmu sai in nuna musu wani ginshiƙi ko dutse, in ce su riƙe inda ruwa ya tsaya a jikinsa, bayan an ci abinci an huta kuma mu koma mu duba. Ɗan Jos ya san rafi yana cika idan an yi ruwan sama, amma bai taɓa ganin kogi ya ƙaru ko ya janye sama tana tarwai ba. Wata yarinya ta riƙo hannun mahaifinta ta ce, “Baba, wa ya kwashe ruwan?” A nan na yi musu bayanin cewa teku ce take tunkuɗo ruwa cikin kogin sannan ta janye shi, kusan sau biyu a kowane yini da dare, kuma wata ne yake jan ta da ikon Allah.

A Marina akwai gidan tarihin cinikin bayi, domin Kalaba tana cikin manyan tashoshin da aka yi lodin mutane zuwa ƙetare. Ra'ayina shi ne kada a shiga da yaron da bai kai shekara goma ba, kuma ina faɗa wa iyaye haka tun muna Jos. Ƙananan nakan kai su unguwar Duke Town, inda kabarin Mary Slessor yake, baturiyar da ta rasu a 1915 wadda aka sani da yaƙi da al'adar kashe tagwaye. Duk iyalin da ke da Hassan da Usaini sukan daɗe a wurin suna tambaya.

Hanya mafi wuya ita ce ta magangarar ruwan Kwa, a ƙaramar hukumar Akamkpa, kusa da dajin Oban da ke cikin gandun dajin ƙasa na Kuros Riba. Ana sauka zuwa gindin ruwan ta matakala fiye da 200, kuma saukar tana yaudarar mutum, domin wahalar tana wajen dawowa. A tafiyarmu ta farko mahaifiyar Alhajin ta ce lallai sai ta sauka. Na ce mata, “Hajiya, ki yi haƙuri, mu sauka talatin mu zauna, idan gwiwa ta amince sai mu ƙara.” Ta ce, “To, ɗana, kai ka san hanyarka.” Muka sauka talatin, na shimfiɗa mata darduma a wani faffaɗan mataki, ta zauna tana jan carbi tana jin rugugin ruwa ta cikin itatuwa, jikokinta suna kiranta daga ƙasa. Tun daga ranar nake ware ma'aikaci ɗaya wanda aikinsa kawai shi ne zama da wanda ya tsaya a hanya, kuma kuɗinsa yana cikin lissafin tafiya.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci ƙwarai. Damina a can doguwa ce, ruwanta kuma ya kusa ninka na Jos, matakalan Kwa suna santsi, don haka muna tafiya ne a watan Janairu ko Fabrairu. Disamba ba ta da ruwa sosai, amma watan bikin kanibal ne, wato bikin raye-raye da jerin gwano a tituna, da aka fara tun 2004, masauki yana tsada, ana kuma rufe wasu tituna. Sau ɗaya na gwada, wani masauki ya ba wa wasu ɗakunan da na riga na biya kafin alƙalami, muka isa da dare da yara, sai mutanen Bogobiri ne suka rufa mana asiri. Har yau a wurinsu muke sallar Juma'a, a wurin mahautansu muke sayen nama, daga bakinsu kuma nake jin wace hanya ce ta lalace.

Ribar tafiyar Kalaba ba ta kai wahalarta ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya cinye kaso mafi tsoka. Fitar Asabar a Jos ita ce take biyan hayar ofis da albashi. Duk da haka iyalai huɗu sun riga sun rubuta suna domin Janairu mai zuwa, cikinsu akwai mai tsohon da ke dogara sanda. Mako biyu kafin tafiyar zan riga su zuwa da ɗaya daga cikin yarana, mu sake taka gangaren Marina, mu duba gidajen sauro a masauki, mu kuma ƙirga matakalan Kwa mu ga waɗanda damina ta zaizaye.