Kwalba biyu, kuɗin ɗaya

Saura kwana goma bikin ƙanwata na je gidan wata Hajiya 'yar Maiduguri da ke haɗa humra a nan Kano. Ta fito mini da kwalba biyu na farar humra, launi ɗaya, girma ɗaya, ni kuma kuɗin ɗaya kawai na riƙo. Na buɗe na shinshina wannan, na shinshina waccan, sau wajen biyar, har hancina ya daina rabe su.

Hajiya ta yi dariya ta ce, "'Yata, ba a bakin kwalba ake zaɓen humra ba. Miƙo hannu." Ta ɗiga ta farko a wuyan hannuna na dama, ta biyu a na hagu, ta hana ni murzawa. Ta ce ta farko sandal ne ya fi yawa a ciki, ta biyu kuma farce. Farcen nan murfin wani dodon kodi ne na teku, sai an wanke shi an soya ƙarnin ya fita kafin a daka, kuma shi ke riƙe ƙamshi a jiki.

A take ta farko ta sace mini zuciya, mai sanyi, mai zaƙi. Ta biyu kuwa ta yi mini nauyi, har da ɗan ƙauri. Da na biye wa zumuɗina da tuni na biya na tafi. Hajiya ta ce in je in dawo gobe.

Na shiga adaidaita sahu cikin ranar Afrilu, gumi ya yi aikinsa. Kafin la'asar hannun dama ya koma kamar sabulu kawai na shafa. Na hagu kuwa ƙaurin ya kwanta, wani ɗumi mai laushi ya taso, irin ƙamshin ɗakin amarya bayan an turara kaya. Na yi alwala sau biyu bai gudu ba. Da asuba na ɗauki gyalena, yana nan a gefen da hannun ya taɓa.

Yayata, da muka koma tare washegari na shafa mata duka biyun, ta farkon ce ta zauna mata har dare. Fatarta ta fi tawa maiƙo, ni busasshiya ce da ni, ƙamshi ba ya jimawa a kaina sai na fara shafa man kaɗanya.

Na ɗauki mai farcen. Ranar kamu wata gwaggonmu ta jawo gyalena ta ce, "Ke, wa ya haɗa miki wannan?"