Kafin ka kwafi lambar Henry, sa tamomita a ruwa

Jiya ɗan yayana mai karatun injiniya ya kawo min lissafin tafkin kifin da zai yi a wajen Ajiwa kusa da Katsina, wai iskar oksijin nawa ruwan zai riƙe. Ina dubawa na ga lambar Henry, wato lambar da ake lissafin yawan iskar da ke narkewa a ruwa da ita, ta digiri 20 ya sa, daga waya ya kwafo ko yunit bai kalla ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da ya ci ni kenan.

Haka na yi wa wani Alhaji ina sabon gama makaranta, kai na rawa. Dokar Henry ba ta da laifi, tun 1803 William Henry na Ingila ya nuna iskar da ke narkewa a ruwa gwargwadon matsinta ne a saman ruwan, in dai kaɗan ce ta narke. Amma ita lambar, zafin ruwa take bi. A digiri 20 lita ɗaya na riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, a 30 ya dawo 7.5, a 35 ko 7 bai cika ba, kuma wannan lissafin bakin teku ne, Katsina ta ɗara teku da wajen mita 500 sai ka ƙara ragewa. Ni na ɗauki ta 20 a tsakiyar Afrilu na ce a loda karfasa, ban ma tuna gansakuka na shan iskar da daddare ba. Da asuba maigadi ya kira ni, kifi sun taso baki buɗe suna haki, kafin hantsi fararen ciki sun rufe ruwan. To amma littafin da na kwafo lambar a ƙasar sanyi aka rubuta shi, malaminmu bai taɓa kai mu bakin ruwa ba, mitar auna oksijin kuwa ko ganinta ban yi ba lokacin. Duk da haka tamomita ai akwai ta a kyamis, girman kai ne ya hana ni, har yau ina jin nauyin bawan Allahn nan.

Ku yaran yanzu komai na hannunku amma sai kwafe, a yi magana ku ce Baffa ai haka intanet ta ce. Kar ku yarda da teburin lambobin littafi. Kai, ku karanta shi ma sosai har ƙasan shafi, nan ake rubuta zafi da yunit. Kuma amoniya da kabon dayoksaid ba irin oksijin ba ne, suna haɗuwa da ruwan, sai ka san pH, wato awon tsamin ruwan, tukuna. Awon oksijin kuma da asuba ake yi, ba ƙarfe goma in kun tashi barci ba.