Ina tsofaffin jiragen saukar ungulu suka shige?

Kwanan nan na shiga bin diddigin Sikorsky R-4, helikwaftan farko da aka kera da yawa, guda 131 kacal sojojin Amurka da Ingila suka samu lokacin yakin duniya na biyu. Wallahi in ka ganshi sai ka rantse keji ne aka lullube da kyalle, kujera biyu gefe da gefe, amma shi ne a 1944 wani matukin jirgin sojan Amurka mai suna Carter Harman ya tuka ya ceto mutum hudu daga dajin Burma, daya bayan daya saboda injin ba karfi ga zafi. Yanzu akwai daya a gidan tarihin sojan sama na birnin Dayton a Amurka, wani a gidan tarihin Smithsonian shi ma a Amurka, wani kuma a Landan inda Turawan Ingila ke kiransa Hoverfly.