Shekara guda muna sharhin fim a Bauchi, sai yanzu ƙugin wuta ya sakar mana murya

Alhamdu lillahi, ƙugin nan ya tafi. 'Yan uwa masu koyon haɗa podkas, duk wanda ya saurari shirinmu na sharhin fina-finai a bana ya san abin da nake nufi: wani gurnani mai kauri da ke kwance ƙarƙashin magana tun daga sallama har zuwa ban kwana. A lasifikar waya ba ya fitowa sosai, domin ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Amma da zarar mutum ya sa abin kunne, ko ya jona a mota, ba ya minti biyar ya kashe. Shirin wannan makon shi ne na farko da na buɗe a Audacity, manhajar gyaran sauti, na ga wurin shiru ya kwanta ƙasa da -60 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, ban ko taɓa Noise Reduction, abin rage ƙarar baya, ba. Wallahi na ji daɗi ƙwarai.

Tsarin da muka yi a farkon shekara shi ne mu fara da Kannywood, mu shiga fassarar Indiya, mu ƙare da finafinan Kudu. Bai tsaya a haka ba. Masu dogon zangon da ake saki mako-mako a YouTube da Arewa24 suka cinye kusan komai, don su jama'a ke kallo, su ake musu a kansu a majalisa. Abin da ya zauna shi ne kallo biyu: na farko babu biro, na biyu da takarda, ana rubuta minti da daƙiƙar duk wurin da za a yi magana a kansa. Kuma ra'ayina bai sauya ba, kada a yanke wa mai dogon zango hukunci kafin zangon ya ƙare, kada kuma a mayar da sharhi ba da labari. Wanda ya kalla ya riga ya sani, wanda bai kalla ba ka ɓata masa. Abin da na fi kuka da shi a finafinan bana shi ne sauti: murya ta yi sama a wannan fitowa, ta nutse a waccan, kiɗan baya ya danne magana. To ka ga ba ya yiwuwa ka zauna kana sukar sautin wani alhali naka na gurnani.

Ƙugin iri biyu ne, kuma rashin rabe su ne ke sa a yi ta kashe kuɗi a banza. Akwai wanda ke shigowa ta iska, wato ƙarar injin maƙwabci, fanka, firji. Akwai kuma wanda ke shigowa ta igiya, wanda kunnenka ba zai taɓa ji a cikin ɗakin ba sai a abin da aka ɗauka. Gwajin ba shi da wuya. Ka sa abin kunne, ka fara ɗauka, ka lulluɓe makirufo da filo. Idan ƙarar ta ragu, ta iska ce. Idan tana nan daram, cire cajar laftof daga bango kana saurare. In ta ɗauke nan take, ka kama ɓarawon.

Wutar lantarkinmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙugin ke zama a 50 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa), da 'ya'yansa a 100, 150, 200 har sama. Kana iya ganinsu da ido. Zaɓi wurin da babu magana, shiga Analyze, danna Plot Spectrum, ka ɗaga Size zuwa 16384, ka mayar da Axis zuwa Log frequency. Idan ka bar Size a ƙarami, komai na ƙasa zai dunƙule ba za ka ga tsinin ba. Za ka ga ƙayoyi a jere, tazara ɗaya tsakaninsu.

Maganin da kowa ke bayarwa shi ne Notch Filter a 50 Hz, wato matacin da ke haƙa siririn rami a sautin, ya cire abin da ke daidai wurin. Yana aiki idan wutar gari ce, don ba ta cika yin nisa da 50 ba. Da janareta ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙaramin inji sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da 50 Hz, kuma ba ya riƙe wannan gudun. Firji ya tashi, ko wani ya jona dutsen guga, inji ya yi nishi, ƙugin ya sauka 48. Aka cire, ya haura 52. Ramin da ka haƙa a 50 siriri ne, ƙugin kuwa yana yawo a gefensa. Idan ka faɗaɗa ramin ta hanyar rage Q, lambar da ke saita faɗinsa, ka kuma haƙa wasu a 100 da 150, ka shiga gonar murya, domin tushen muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz ne. Sai ka ji mai magana ya koma siriri kamar daga cikin gwangwani. An gudu ba a tsira ba.

Noise Reduction ma haka. A 6 dB yana taimakawa. Da ka kai shi 18 ko 24 don ka kashe ƙugin gaba ɗaya, sai wani ƙyal-ƙyal na ruwa-ruwa ya biyo bayan kowace kalma. Noise Gate kuwa, mai rufe sauti duk lokacin da magana ta tsaya, idan ka tsananta, yana gutsure ƙarshen kalmomi, gajeren wasalin ƙarshe ya ɓace, ƙ da ts su fito a guntule. Ga mai jin Hausa wannan ya fi ƙugin ciwo. Abin ya ba ni haushi matuƙa, ka yi awa uku kana gyaran shirin minti 40, ka gama ka ji na asalin ya fi daɗin saurare.

Abin da ya yi aiki duk kafin a danna ɗauka ne. Laftof a kan batirinsa, caja a cire daga bango gaba ɗaya, ba daga jikin kwamfuta kawai ba, don cajar da ke kwance kusa da igiyar makirufo tana iya zuba mata ƙara. Gidaje da yawa ƙafa ta uku ta soket, wadda ya kamata ta kai wuta ƙasa, ba a haɗa ta da komai ba, shi ya sa wani lokaci kana taɓa jikin laftof ka ji yana ɗan tsikararka, kuma ƙugin ya sauya. Ƙaramin akwatin sauti da ake jona makirufo a jikinsa, irin wanda ake cajawa, a cika shi tun dare, kada a yi ɗauka yana kan caji. Idan ya zama dole, fawa bank ne, ba bango ba. Inbata ma ba tsira ba ce idan mai arha ce wadda wutarta ba sumul take ba, nata zizar ya fi na inji kaifi. A kashe fanka daga makunni, domin abin rage gudunta yana da nasa zizar, wasu ƙwayayen LED ma haka. Wayoyin hannu duka a sa su a yanayin jirgi. Wannan dit-dit-dit da ake ji kafin kira ya shigo na layin 2G ne, yana bugawa a 217 Hz, kuma babu tacewar da ke cire shi da tsabta.

Sai igiya. Siririyar mai kan 3.5 mm ba ta da kariyar kirki, tana tsawo tana kwasar ƙara. XLR, igiyar makirufo mai ƙafa uku, tana ɗauke da saƙon a layi biyu masu kishiyar juna, sai ƙarar da ta shiga a hanya ta soke kanta a ƙarshe. Idan dole igiyar sauti ta haɗu da ta wuta, su gitta juna, kada su kwanta a jere.

Kuɗin da ya fi yi mini ciwo a bana na makirufon condenser ne, irin mai saurin kwasar sauti, da akwatinsa, ga kyau a hoto, ga gizo-gizon riƙewa. Irinsa an yi shi ne don ɗakin da aka gyara. A ɗakin siminti mai rufin kwano yana kwaso komai, har zakaran maƙwabta da hon ɗin Keke Napep. Makirufon dynamic, wanda ba shi da saurin kwasar sauti haka, shi ne namu. Irin su Samson Q2U suna da USB da XLR a jiki ɗaya, ba sa buƙatar wutar 48V da condenser kan nema. Da shi sai ka matso, faɗin yatsu huɗu tsakanin baki da makirufo, ka ɗan karkatar da shi gefe don iskar b da f. Duk lokacin da ka rage tazarar da rabi, murya na ƙaruwa da kusan 6 dB, ƙarar ɗaki kuwa tana inda take, sai ka samu damar rage gain, wato ƙarfin da na'ura ke ƙara wa sautin makirufo. A bar ƙololuwar magana tsakanin -12 da -6 dB. Wanda bai da halin saye yanzu, wayarsa a kan batir, kusa da baki, ta fi condenser da ke jone da inji.

Ƙugin da ke shigowa ta iska kuwa lokaci ne maganinsa. Bayan isha'i injinan unguwa duk sun tashi, musamman wajen Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka yi yawa. Bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai ya fi ko'ina lafawa. A duba lokacin kiran salla a tsara ɗauka a tsakani, cikin azumi kuma a yi la'akari da lasifikar tafsiri. Barguna biyu masu kauri daga kasuwar Wunti, ɗaya a bayan mai magana ɗaya a taga, da darduma a ƙasa, sun rage amsa-kuwwa fiye da yadda na zata. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango bai yi kaurin da zai tare komai ba. A watan Maris da Afrilu zama babu fanka azaba ce, don haka a ɗauka minti goma-goma, a huta a sha iska. Da hunturu kuma a ajiye ruwa kusa, bushewar leɓe tana fitowa tas a makirufo.

Yanzu gyaran bai wuce matakai kaɗan ba: High-Pass Filter a 80 Hz don yanke abin da ke ƙasa da haka, Noise Reduction a 6 dB idan ma an buƙata, Compressor kaɗan don rage tazarar magana mai ƙarfi da ta ƙasa-ƙasa, sai Loudness Normalization, mai saita ƙarfin shirin gaba ɗaya, a -19 LUFS tunda mono muke fitarwa. Mai sitiriyo ya sa -16. MP3 a 64 kbps ya ishi magana. Shirin minti 40 yana zuwa wajen MB 19, a 128 kuwa ya ninka. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambancin shi ke sa mai saurare ya sauke ko ya wuce. Google Podcasts ya rufe a 2024, don haka Spotify da YouTube da Audiomack muke sawa, amma gaskiya mafi yawan masu saurarenmu ta WhatsApp suke karɓa. A tura shi a matsayin Document don ya isa yadda yake.

Game da sa guntun sautin fim a cikin shiri, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da dama don suka da sharhi, idan an yi adalci an kuma ambaci mai abin. Amma Content ID, tsarin YouTube mai gano abin da aka ɗauko daga aikin wani, inji ne, ba ya duba niyya, kuma waƙa ya fi saurin kamawa. Mun koma faɗin minti da daƙiƙar fitowar, mai so ya je ya gani da kansa.

Abin da ya rage shi ne baƙon da ke nesa. Idan abokin sharhi yana Gombe, kowa ya ɗauki muryarsa a wayarsa, idan aka zo haɗa su sai a tarar farkon ya daidaita, ƙarshen ya zame, don agogon cikin na'urorin biyu ba ya tafiya daidai. Abin da nake gwadawa shi ne a ƙirga tare a tafa a farko, a sake tafawa a ƙarshe, sannan a ja tsawon ɗayan da Change Speed har tafin biyu su hau kan juna. Jinkirin layin kira yana shiga tsakani, don haka tafin ba ya zama daidai ɗari bisa ɗari, sai an ƙarasa da kunne. Duka wayoyin a sa su a 48,000 Hz, WAV idan manhajar ta yarda, kuma kowa ya sa abin kunne don kada muryar ɗayan ta zubo cikin nasa.